Ranar da Na Riƙe Hannun Darakta

Laraba

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Ni jikina lafiya lau, raina ne a ɓace. Yau kwana biyu ina zaune a gida. An dakatar da ni daga aiki, wai don rashin ladabi. Ni, Yaya, da na tashi a hannunki!

Bari in faro miki daga tushe. Kin san ɗakin gwajin jinin da nake wa aiki: asibitoci su turo mana jini, mu mayar musu da sakamako ta kwamfuta. To, kwamfutocin da ke wannan aiki ba irin ta teburinki ba ne. Ba su da jiki. Su goma sha tara suna zaune cikin babbar na'ura ɗaya da muke kira saba, kamar 'yan haya a gida guda. Tsohuwar sabar ta gaji, fankarta har kuka take, aka sayo sabuwa. Ni aka ɗora wa kwashe su zuwa sabon gida suna tsaka da aiki, ba tare da wani likita ya nemi sakamako ya ji shiru ba. Mako biyar ina fama. Goma sha takwas suka ƙaura, ko tari ba wanda ya ji.

Saura ɗaya, mai aika sakamakon gaggawa, ita ce mai kaya da yawa. Na rubuta wa Darakta cewa sai Litinin da yamma za ta gama. Na ba Dogo, shugaban sashenmu, kwafi a hannunsa. Ashe Darakta ya gayyato baƙi Litinin da hantsi.

Ina zaune ina kallon allo, ƙaurar ta kai kashi saba'in da ɗaya, sai ga su sun cika ɗakin, turare ya rufe ko'ina, har da mai ɗaukar hoto. Darakta ya ce da hannunsa zai kashe tsohuwar sabar, baƙi su gani da idonsu cewa aikinmu ba ya tsayawa. Na matso na ce masa a hankali, ranka ya daɗe, ba ta gama ba. Ya yi kamar bai ji ba. Na sake faɗa. Ya yi dariya, ya ce wa baƙin wai injiniyoyinsa akwai tsoro. Na dubi Dogo, shi kuma ya duƙufa yana gyaran igiyar takalmi.

Yaya, a lokacin akwai sakamako talatin da wani abu a layi. Ɗaya na wata mai naƙuda ne da ake jira a san irin jinin da za a ƙara mata. Da a ce ya danna maɓallin kashewa, ba wanda zai iya ce miki awa nawa za mu yi kafin mu sake tayar da kwamfutar. Ya miƙa yatsa, ni kuma na cafke wuyan hannunsa. Ban zage shi ba, ban ɗaga murya ba, amma ban saki ba sai da ya janye.

Kafin la'asar takardar dakatarwa ta iso. Kar ki faɗa wa Umma tukuna, kin san hawan jininta.

Ƙanwarki,
Auta

Lahadi

Yayata,

Na gaishe ki, na gaida yara. Saƙonki ya iso, kuma gaskiya ya ƙara min zafi. Wai in je in ba shi haƙuri don babba ne. Haƙurin me? Da 'yarki ce kwance a gadon nan, haka za ki ce?

Ga yadda ta kaya. Ƙaurar ta gama da kanta ranar Litinin da yamma, kamar yadda na rubuta. Amma duk cikinsu aka rasa mai ƙarfin zuciyar kashe tsohuwar sabar. Kwana huɗu tana ta kuka a banza. Ranar Juma'a Dogo ya kira ni yana in-ina, wai an janye takardar, in taimaka in zo. Na je, na duba komai sau biyu, na kashe ta ni kaɗai, babu baƙo babu tafi. Na haɗu da Darakta a matakala, ya tambaye ni ya gida, kamar ba abin da ya faru.

Abin da ya fi ƙona min rai, mujallar ma'aikata ta fito jiya. A shafin farko ga hotona riƙe da hannunsa, a ƙasa an rubuta wai Darakta da injiniyarsa suna kashe tsohuwar saba hannu da hannu, alamar haɗin kai. Na haɗo miki kwafi. Yanzu ki nuna wa Umma, ki ba ta labarin duka. Ki sa tabarau ki dubi yatsuna da kyau, za ki ga yadda suka nutse a fatarsa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki da har yanzu ba ta huce ba,
Auta