Muryar Wani Namiji a Kunnena, Ɗana Kuma Ya Ƙi Juyawa

Anti Harira, don Allah ki agaza min kafin gidana ya kama da wuta. Cikina ya haura wata takwas, hoto ya nuna ɗan a zaune yake, kai sama, ɗuwawu ƙasa. Likita ta ce in bai juya ba sai an yi min aiki. Ni kuwa yayata ɗakin tiyata ta shiga haihuwa, ba ta fito da rai ba.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta turo min sautin wani likitan halayyar ɗan'adam. Bayan azahar sai in kwanta in sa a kunne, yana magana a hankali, in ja numfashi, in hango ɗana yana juyawa. Nakan shiga wani hali, barci ba barci ba, tsoron nan ya sake ni. Rannan Baban Sharhabil, maigidana, ya dawo daga Babbar Kasuwa da wuri, ya zare abin daga kunnena ya saurara, daidai inda mutumin ke cewa in saki jikina! Wai wani ƙato ba zai riƙa yi wa matarsa raɗa a kan gadonsa ba. Ya goge, na sa aka sake turo min. Ya sake gogewa, na sake karɓa. Ni zan hau gadon haihuwa, ba shi ba. Awo ma na daina zuwa sati biyu ke nan, na gaji da jin kalmar aiki. Sautin nan kuwa ba zan bar jin sa ba, ko da zai mayar da ni gidanmu Kinkinau.

Mai Ciki, Unguwar Dosa

Ƙanwata, Allah ya jiƙan yayarki. Tsoronki na da dalili, kuma neman natsuwa ba laifi ba ne. A nan ina bayanki.

Amma a kan awo ni da ke za mu yi faɗa. Sautin nan yana kwantar da hankali, sai dai ba wanda zai rantse miki cewa zai juya ɗa. Ki koma asibiti gobe. Ki gaya wa likita labarin yayarki, ki tambaye ta ko za a iya juya ɗan da hannu ta saman ciki, don wannan ma lokaci gare shi, ke kuma kina ɓarar da shi. In aikin ya zama dole, wanda aka shirya ya fi na gaggawa aminci nesa ba kusa ba.

Maigidanki ya yi garaje, amma kishin nasa ba hauka ba ne. Tunda muryar wani ce ta tsone masa ido, ki rubuta kalmomin a takarda ki miƙa masa, ya zauna kusa da kanki ya karanta miki. Da farko zai karanta kamar mai kiran farashin yadi, ki daure kada ki yi dariya. Wanda ya goge sauti sau biyu, ya kawo nasa. Ɗan nan ma muryar ubansa ya fi sani.

Allah ya sauke ki lafiya, ki rungumi abinki da hannunki.

Anti Harira