Motar Yayana Ta Cinye Gandunmu, Yanzu Ɗana Zai Sayo Irinta

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan guruf. Admin don Allah a sakaya sunana da na ƙauyenmu, ya isa a ce muna wajajen Ƙarfi ta ƙasar Malumfashi. Ni dattijo ne, karatuna bai wuce firamare ba, in an ga kuskure a yi haƙuri. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni cin abinci, kuma duk wanda na faɗa wa a gari ya zama tonon asiri.

Ɗana na fari zai sayar da gona, ita kaɗai ta rage mana, ya cika kuɗi ya sayo mota. Ba ta haya ba, ba ta ɗaukar kaya ba, irin masu kujera biyun nan ne, cikinta kamar zai shafi ƙasa, ƙofa ta buɗe sama kamar fiffike. Ni kuwa na san abin da irin wannan mota take ci, domin na taɓa ciyar da ɗaya. Sai na koma baya kafin ku gane abin da ya ɗaure mini baki.

Mu biyu mahaifinmu ya bari, ni da yayana, muna noman gandu, wato gona ɗaya rumbu ɗaya, shi ne babba, komai a hannunsa yake. Wajen ƙarshen shekarun saba'in auduga ta yi mana albarka, Yaya ya je Makka ya dawo, sai ya tafi Kaduna da niyyar sayo ƙaramar akori-kura da za ta riƙa kai mana kaya Funtua. Abin da ya dawo da shi doguwar mota ce ja wur, ƙofa biyu, silinda takwas, wai wani Bature ne zai koma gida ya sakar masa da araha. Shi bai iya tuƙi ba, ni na taɓa yin karen mota a manyan motocin auduga, sai na zama direba. Ranar da ta shigo gari har liman sai da ya fito ya shafa ta. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma na ji daɗi a ranar.

Sati bai cika ba na fara jin tsoro. In na taka totur ina kallon allurar mai tana sauka da idona. Man da ƙaramar mota za ta yi kwanaki tana zirga-zirga da shi, ita zuwa Funtua da dawowa ne. Na kai ta wajen wani bakanike, Sande, iyayensa 'yan kudu ne amma a Funtua aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa. Ya buɗe gaba ya daɗe yana kallo, ya ce, "Malam, wa ya tsane ku haka? Wannan ai ba mota ba ce, rijiya ce aka sa wa taya." Na roƙe shi ya ɗan rage mata sha, ya yi dariya ya ce sai dai in rage wa raƙumi wuya.

Amma ba injin ne ya kashe mu ba, kunya ce. A ƙauye in ka yi mota, ta gari ce. Amarya mu, mai naƙuda mu, rakiyar alhazai mu, gaisuwar mutuwa a Gozaki ko Tsiga mu, ga kujerar baya ko yara biyu da ƙyar, sai a yi sawu uku. Wa zai buɗe baki ya ce wa wanda aka yi wa rasuwa kawo kuɗin mai? Sai dai a ce "Allah ya ƙara arziki Alhaji", addu'a kuwa ba ta shiga tanki. Ga Yaya kowace safiya sai na tayar da ita ta yi ta ruri a ƙofar gida, ko babu inda za mu, wai don kada mutane su ce ta mutu. Hanyarmu kuma ba kwalta, da damina sai cikinta ya daki tudu, salansa ya tsinke, kayan gyaranta babu a Funtua babu a Zariya, sai an aika Legas a jira.

Da aka shiga shekarun tamanin mai ya fara wuya, sai layi ko 'yan bumburutu. A nan aka fara taɓa rumbu. Yau buhun masara, gobe buhun dawa, har takin zamanin da muka samu da ƙyar Yaya ya sayar da rabi, shekarar masararmu ta fito rawaya kamar mai shawara. Na sami Yaya na durƙusa na ce a sayar da motar nan tun tana da mai saye. Ya ce tun yaushe ƙani ya fara auna wa wansa mai, in hassada nake yi in faɗa a fili. Ya yi wata bai amsa gaisuwata ba. Daga nan na kama bakina.

Da giyar motar ta lalace aka sayar da shanun huɗa. Wani Bamaguje maƙwabcin gonarmu ne ya saya, mutumin kirki amma akwai baki. Duk lokacin da ya gan ni da garma a kafaɗa sai ya ce, "Direba, ina jar saniyar taku, ba ta huɗa ne?" Bayan shanu sai fadama, bayan fadama sai babbar gona, a yanki a yanki. A ƙarshe motar ta tsaya a kan duwatsu, kaji suna ƙwai a ciki, har masu gwangwan suka auna ta. Gandu ya watse. Abin da ya tsira gayaunata ce kawai, 'yar gonar da ake ba ƙani ya noma wa kansa.

To ga inda matsalar take. Yaron nan ɗan fari ne, kuma a al'adarmu ana kunyar ɗan fari, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ba. Tun da aka yaye shi aka ba Yaya riƙonsa, domin Allah bai ba shi namiji ba. Shi yake kira Baba, ni kuwa Baffa. Bai san yunwar da muka sha ba, yana ƙarami, kuma uwarsa ta riƙa ɓoye masa tuwo a ƙwarya tana aikawa. Abin da ya tashi yana ji shi ne labarin motar da babu irinta daga Malumfashi har Funtua. Gonakin kuma Yaya ya gaya masa fari ne ya sa aka sayar. Da yaron ya yi aure na ba shi gayaunar, ta hannun Yaya, da ita ya fara har ya zama ɗan kasuwar hatsi, Alhamdulillahi yana da rufin asiri, amma ba irin na wannan mota ba.

Yaya yana nan da rai, ya tsufa, idonsa ya tafi. Shi ne ke zuga yaron. Aka ce ya ce masa yana so kafin ya mutu ya sake jin ƙarar irin wannan inji a ƙofar gidanmu. Na aika aminina ya yi wa yaron magana a kan tsadar mai, yaron ya ce ai motocin yanzu ba irin na da ba ne, kuma Babansa ya riƙe ta a zamanin da ba kuɗi ballantana shi. Uwarsa ta tasa ni gaba ta ce ita ba za ta sake surfa dusa don mota ba, in ni ba zan yi magana ba ita za ta yi, ko da za a ce ba ta da kunya. Mun kwana biyu ba ma magana sosai. Na je wajen wani malami, ya ce nasiha wajibi ce, ya kuma ce rufa asirin ɗan uwa wajibi ne, na dawo da kaya biyu maimakon ɗaya.

Shekaranjiya abin da bai taɓa faruwa ba ya faru. Yaron ya same ni a zaure, ya durƙusa, ya miƙo mini waya da bidiyon motar, ya ce, "Baffa, an ce kai ka tuƙa waccan. Yaya take?" Shekara arba'in da wani abu ina jiran ya tambaye ni wani abu, ko mene ne. Yaya yana zaune a kan tabarma ya karkato kunne yana murmushi. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Tana da gudu." Yaron ya ce madalla, ya tashi ya tafi.

Juma'a mai zuwa mai sayen gonar zai zo a zagaya iyaka. In na faɗa wa yaron gaskiya, na kira makahon da ya raine shi maƙaryaci, kuma ina tsoron ya zaɓi Babansa ya bar Baffa, ina tsoron alhaki ma. In na yi shiru gonar ta tafi, jikokina su tashi ba su da inda za su soka gero. Don Allah masu ilimi da masu mota ku gaya mini, in kira shi mu biyu in faɗa masa komai, ko in sake durƙusa wa Yaya in roƙe shi ya faɗa da bakinsa? In kuma Yaya ya ƙi, kamar yadda na san zai ƙi, ya halatta in tona shi?