Gidan Malama na Ƙarshen Layi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya kunnen? Tunda waya ta zama abin faɗa tsakaninmu, in ce miki "muna lafiya" ki ce "wa ya rasu?", na haƙura na sayo biro. Amarya na gaishe ki, 'yarmu takwararki ma haka.

Labarin da ake ciki shi ne mai gidan da muke haya ya ba mu notis, wai ɗansa zai dawo daga karatu. Amarya ta ce ita ta gaji da naɗe tabarma, wannan karon saye za mu yi ko da akurki ne. Ɗan abin da muka tara zai kai in an haɗa da rancen wurin aikinta. Na ce to.

Garin ba laifi, Yaya. Babban titi ɗaya ne, tashar mota a wannan kai, asibiti a wancan, kantin maganin da Amarya ke aiki a tsakiya. Tun da muka baro hayaƙin birni asmar takwararki ta lafa, har tsere take yi da yaran layi. Ni ne dai nake shan ta. Kullum da sassafe ina cikin bas zuwa birni, in yini ina gyara wa mutane firji da ɗakunan sanyi, in dawo a gajiye. Ranar hutu kuwa garin nan tsit, kamar an yi ruwa an ɗauke. In na zauna a tsakar gida sai in ga ƙafata tana rawa ita kaɗai.

Mun samu wani dillali mai tumbi da babur, ya zaga da mu har na haddace garin. Gidan farko bayan injin niƙa yake. Na biyu in ka tsaya a falo kana jin tarin maƙwabci. Wani kuma ya ce mini "iska ta ko'ina", muka je muka tarar ba a sa tagogi ba.

Akwai guda a ƙarshen layin makaranta, na wata malama mai ritaya da za ta koma wurin ɗanta. Ɗaki uku da baranda, ga bishiyar lemo a tsakar gida. Amarya tana shiga ta yi shiru, kin san shirun nan nata. Ni dai na ga silin ɗin kicin ya yi tabo, katangar baya kuma ta yi gajarta. Na ce a ƙara dubawa, ba a sayen gida kamar tumatir.

Allah ya ƙara lafiya. Ki gaida maƙwabta.

Naki,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Wasiƙarka ta same ni lafiya, kunne yana nan yadda ka san shi, ido kuwa ras, shi ya sa na karanta har abin da ba ka rubuta ba.

Tabon silin? Kai da kake hawa saman bene da igiya don gyaran sanyi, tabon silin ne zai kore ka? Katanga in ta yi gajarta ai bulo ake ƙara mata. Mai gyaran sanyi, amma kansa kullum a tafashe.

Na san ciwon nan, a gida muka gan shi. Baba, Allah ya jiƙansa, da ya ga mun fara sanin sunan mai kantin unguwa sai ya nemi canjin wurin aiki. Ni na sha wuyar abin, kai kana goye kana jin daɗin mota. Ban taɓa gama shekarar karatu da ƙawar da na fara da ita ba. Kada ka yi wa takwarata haka.

Wannan yarinya ta bi ka gidan haya iri-iri ba ta taɓa kawo mini ƙararka ba. Tunda ta shiga gida ta yi shiru, ka saya mata shi. In kuma akwai wata a ƙasa, ka faɗa mini tun ba a yi nisa ba.

Allah ya yi maka albarka, ya zaunar da ƙafarka.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki cikin ladabi da girmamawa, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ki yi haƙuri da na rubuto miki ba da sanin ƙaninki ba. Ban saba ba, abin ne ya fi ƙarfina.

Yaya, ranar Laraba matar wani abokin aikinsa ta shigo kantinmu sayen maganin hawan jini. Ina ɗaure mata maganin ta ce, "Ashe tafiya ta kama ku? Allah ya sanya alheri." Na ce wace tafiya? Ta ce ai an ba maigidana shugabancin sabon reshen kamfaninsu can bakin teku, tun watan jiya ake maganar. Na yi murmushi na ce amin, ta fita. Na shiga ɗakin ajiya na zauna a kan kwali.

Da ya dawo na tambaye shi. Bai musa ba. Ya ce yana neman lokacin da ya dace ne ya gaya mini. Na ce wato duk gidajen da muka bi muna dubawa, rakiya kake yi mini? Ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Na ce kifin ma bai taɓa barin ruwa ba.

Na kai takwararki wurin likita na tambaya ko iskar can za ta yi mata. Ya ce garin masana'antu ne, ga laima ga hayaƙi, in son samu ne kada a kai ta. Yarinyar nan, Yaya, kin tuna yadda muke rungumarta muna gudu asibiti. Yanzu maganin shaƙarta yana cikin jaka har na manta rabon da ta taɓa shi. Ta yi ƙawa, suna tafiya makaranta hannu riƙe da hannu.

Malama mai gidan ta aiko a kira ni. Wani ɗan kasuwa ya taya gidan, zai rushe ya yi shaguna. Ta ce ta fi son ta bar shi a hannun masu yara, amma ɗanta ya matsa, ba za ta iya jiranmu ya wuce ƙarshen wata ba. Mai gidan haya kuma kullum sai ya aiko.

Ban rubuto don a yi masa faɗa ba. Ina so ne wani babba ya san halin da nake ciki, kada gobe a ce na yi gaban kaina ba a sani ba.

Allah ya ƙara girma, ya bar mana ke.

Ƙanwarki,
matar Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da doguwa.

Ashe katangar ba ita ce gajera ba, gaskiyarka ce gajera. Matarka ta ji labarin tafiyarka a bakin mai sayen magani! Ko kunya ba ka ji ba? Kada ka kuskura ka yi mata fushi don ta gaya mini, da ba ta faɗa ba ni ce zan yi fushi da ita.

Ban ce kada ka so girma ba, kowa na so. Amma ka zaunar da ita ku yi magana kamar mutane. In tafiyar ce ka faɗa, in zaman ne ka faɗa. Wannan raba ƙafa da kake yi zai yaga maka wando a tsakiyar kasuwa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ka dai sani.

Ka ba ni amsa. Allah ya shirye ka.

Yayarka

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina kuma neman afuwar jinkiri. Wasiƙarki ta zo ba na nan. Kamfani ya tura ni in je in ga sabon reshen da idona, aikin da aka ce na kwana kaɗan ne ya ja ni kusan mako biyu.

Ba zan ɓoye miki ba, tun da motar ta fita daga garin nan na ji kamar an sauke mini buhu daga ƙirji. Can kuwa manyan ɗakunan sanyi ne na kifi, injina sababbi fil, yara matasa suna bi na suna cewa oga. Shekara nawa ina ɗaukar jakar wani, Yaya? Abin da ya tsorata ni da gidan Malama shi ne, ranar da na tsaya a barandar na hango rayuwata gaba ɗaya har ƙarshenta: bas, aiki, bas, lemo. Amarya ta kira ni ana tsakiyar aiki ta ce wa'adin Malama ya zo. Na ce ta jira ni. Ta ce har yaushe? Na ce zan kira. Ban kira ba.

Da na dawo na nufi gidan haya, na tarar da ƙofa a buɗe, masu fenti a falonmu. Ko tsinke babu. Ɗayansu ya ce, "Malam, wa kake nema?" Maƙwabciyarmu ce ta leƙo ta ce, "Au, ba ka sani ba? Ai sun tare tun shekaranjiya, ƙarshen layin makaranta." Yaya, da jakata a kafaɗa aka yi mini kwatancen gidan iyalina.

Na je na yi sallama a ƙofar. Takwararki ta fito a guje, ta ja ni tana cewa, "Baba, zo ka ga ɗakina, ni kaɗai!" Amarya tana kan kujera tana ɗaura labule. Ta sauko ta ce sannu da hanya, ta kawo mini ruwa a kofin da muke ba baƙi.

Na ce, "Da sunan wa aka yi takardun?"

Ta ce, "Da nawa. Lauya ya ce mai sa hannu sai yana nan. Na bar maka wuri in kana so a ƙara naka."

Na ce, "Shi ne ba za ki jira ni ba?"

Ta ce, "Na jira ka. Masu fenti ne ba su jira ba."

Na yi faɗa, na faɗi maganganun da ba su kamata ba, har yarinyar ta shige ɗakinta ta rufe. Amarya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ba ta hana ni tafiya ba, amma ita da 'yarta sun iso.

Na karɓi aikin, Yaya. Na san abin da za ki ce. Jibi zan tafi, zan riƙa zuwa in an samu hutu. Ban je wurin lauyan ba.

Ki yafe mini, ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Shirun da kika yi mini ya fi faɗan ciwo.

Aiki yana tafiya, har an yaba mini. Sun ba ni ɗaki mai kyau a saman ofis, na duba ko'ina ban ga abin kushewa ba, amma na kasa zama a cikinsa. In na tashi aiki sai in yi ta yawo a bakin ruwa har ƙafata ta gaji. Amarya tana ɗaukar wayata, ta ce suna lafiya, ta tambayi ko na ci abinci. Takwararki ta daina karɓa. Rannan na jiyo ta tana cewa, "Ki ce masa ina aiki."

Na tambayi manaja ko tsohon gurbina yana nan. Ya ce an sa wani, amma zai duba, sai dai in san cewa in na koma ba ni ba kujerar oga. Ban ce masa komai ba tukuna. Kada ki gaya musu.

Alfarma ɗaya nake nema. Ki daure ki je ki gan su, ki tambayar mini Amarya abin da na kasa tambaya: in na dawo, a maigida zan shiga ko a baƙo?

Allah ya bar zumunci.

Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Daga gidan nake rubuto maka, na zo kwana biyu sun riƙe ni mako. Lafiyarsu ƙalau.

Na yi mata tambayarka tana wanke-wanke. Ta ajiye kwanon ta juyo. Sannan ta ce, "Yaya, baƙo shi ne mai zama yana duba agogo. Ki ce masa ya zo mu gani."

Takwarata kuma ta ce kada ka kawo mata tsaraba, ba ta so. Ranar rufe makaranta za ta yi karatu a gaban iyaye, ƙawarta babanta zai zo. Iyakar abin da ta ce ke nan, ta tafi wasanta.

Sauran ya rage naka. Allah ya yi maka zaɓi.

Yayarka