Sunayen Tsuntsaye a Jikin Tawul

Gwaggo Merle,

Ina gaisuwa. Ya jikin Kaka? Allah ya ba ta lafiya.

Mu nan birnin Perth ƙalau muke, sai dai wankin ƙodar nan yana ɗan kayar da ni. Kada ki gaya mata.

Tawul ɗin goge kwanuka ya iso, mai zanen da Kaka ta yi da sunayen tsuntsayenmu da yarenmu na Yindjibarndi. Na kasa goge komai da shi, na rataye shi a bango. Jiya 'yata Shanelle ta nuna wani suna ta ce, "Mama, ya ake faɗin wannan?" Na buɗe baki, abin ya ƙi zuwa.

Don Allah ki sa Kaka ta faɗe su duka a waya, ki turo min muryarta. Kada ki jira sai ta ji sauƙi.

Taki,
Loreen