A Koya wa Jiragen Lugude

Zuwa ga Shugaban masu kula da jirage marasa matuƙi na agajin ambaliya, Madarumfa.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gajiya, ina fama da jama'a? Sunana Habu, manomi daga wajen Safo. Lakkol, wato makarantar boko, aji uku na yi, a yi haƙuri da rubutun. Kuma cikin murna nake: yau Innata ta taka ƙasa da ƙafarta, har ta yi mini faɗa kan gishiri!

Amma ƙara na kawo.

Na ɗaya. Da gulbi ya cika ya kayar da ƙarfen rezo, wato sabis ɗin waya, muka gudu kan tudu, kuka turo jirage huɗu suna miƙa wa juna magana har cikin gari. Wallahi mun yi shewa, tsofaffi har ɗaga masu hannu suke. Kwana shida ina kallonsu, don ba ni da wani aiki. Tare suke tashi, tare batirinsu ke ƙarewa, tare suke komawa sharji kamar 'yan gayya an kira tuwo. Sai rezo ya mutu wajen minti arba'in. A cikin irin wannan giɓin, ran Talata da hantsi, maciji ya sari Inna tana tsintar itace. Waya bakwai a tudun, ko ɗaya ba ta shiga. Ina riƙe da ƙafarta tana kumbura, ina duban sama babu jirgi ko ɗaya. Da suka dawo, kira guda kwalekwale mai inji ya zo. Likita ya ce da kaɗan muka tsira.

Na biyu. Jiragen ba sa sallama. Su juya kawai su tafi.

Na uku. Na samu ma'aikacinku mai ordinater, wato kwamfuta, na bayyana masa duk wannan. Ya saurara da kyau, ya ba ni biskit. Biskit ɗin da daɗi, na gode, amma jiya ma tare suka sauka.

Ranka ya daɗe, ka taɓa tsayawa ka ga mata uku na lugude a turmi ɗaya? Taɓarya ɗaya na sama, ɗaya na ƙasa, turmin bai taɓa yin shiru ba. Roƙona ke nan: a raba masu lokacin tashi, wani ya tsaya a gurbi kafin wani ya sauka. In dole rezo ya yanke, a turo saƙon murya da Hausa tukuna, yawancinmu ba mu karatu.

Har yanzu akwai gidaje a tudun, da yayata mai tsohon ciki, ga hadari na haɗowa, macizai ma tudun suka gudo.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare jiragenka daga iska. Inna ta ce in lissafin ya yi wa injiniyoyinku wuya, a turo su gidanmu da hantsi, turmi da taɓare uku na nan.

Wassalam.
Habu.