Toka a Ƙarƙashin Motarka

Zuwa ga maigidana, Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da kai, ina fatan kana kwance cikin rahamar Ubangiji da ni'imarsa. Na san takardar nan ba za ta iso gare ka ba. Autarmu Safiya ce ta matsa mini in rubuta labarin ta saka a waya don direbobi su gani, ni kuma na ce in dai zan ba da shi, to kai zan ba, masu leƙe su leƙa.

Muna nan lafiya a Kibiya. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne motarka, da ɗanka na fari, da wani abu da bakina ya yi wanda ban taɓa zaton zai yi ba.

Dattijuwa tana nan da ranta. Har yanzu da sunan da fasinjojinka suka laƙaba mata ake kiran ta, har yanzu kuma sai an daki ƙofar baya da ƙugu take rufuwa. Ɗanka ne ke jan ta, Kibiya zuwa Rano, Rano zuwa Kano, da 'yan kasuwa da buhunansu, kamar yadda ka yi ta yi har gashinka ya yi fari. Ya fi ka gudu, wannan kam ba musu. Amma bai kai ka sauraro ba.

Kana tuna rumfar kwanon da ka kafa mata a gefen gida, mai ƙofa ta cikin tsakar gida? Tun ina amarya ka ɗora mini aikin da ban ji wata mace a unguwarmu tana yi ba. Kullum bayan la'asar in share ƙasan rumfar tas, in kwaso toka daga murhu in barbaɗa sama-sama, kafin ka dawo ka ajiye mota a kai. Da safe ba ka tayar da ita. Turo ta kake yi baya da kafaɗa, ka tsuguna kana duban tokar nan kamar mai duba gonar da aka shuka jiya. Na yi maka tsiya a kan haka ba adadi, na ce sauran maza da safe fuskar iyalinsu suke dubawa, kai kuwa toka.

Ba ka yi fushi ba, koya mini ka yi. Ɗigo baƙi mai maiƙo a gaba, baƙin mai ne na inji. Jiƙa mai faɗi marar wari, ruwan lagireto ne. Fetur kuwa, ka ce, shi ne munafukin cikinsu, domin kafin gari ya waye ya bushe, ba ya barin komai sai ɗan rami a tsakiya da zobe kewaye da shi. Sai ka ɗebi tokar da yatsa biyu ka kai hanci. Ka ce inda zoben yake, can sama da shi ciwon yake, ba sai an kwance rabin mota ana lalube ba.

Akwai kuma maganarka a kan fiyus, ɗan abin nan da ke ƙonewa in wuta ta yi wa waya yawa. Duk lokacin da ka ji wani direba ya naɗa zaren waya a gurbinsa don kada ya sake ƙonewa, ranka ɓaci yake yi. Kakan ce, "Fiyus ba lalacewa yake yi ba, magana yake yi. Wanda ya ɗaure shi da waya toshe masa baki ya yi." Na ji wannan magana har na haddace, ban san wata rana za ta yi mini amfani ba.

Bayan rasuwarka ban daina sharar ba. Ba don wani yana dubawa ba, hannuna ne ya saba. Ɗanka ba ya turo mota, shiga yake ya murɗa makulli ya yi baya, tayoyi su bi gefe su bar tsakiya. In ya tafi sai in shiga ni kaɗai in tsuguna a inda kake tsugunawa. A nan nake jin kewarka fiye da ko'ina a gidan nan, Malam, fiye ma da ɗakinka.

Kai ne shaida a kan yadda nake da yaron nan. Ɗan fari ne, ga shi kuma sunan mahaifinka ka sa masa, kunya biyu ke nan a kaina. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ko Abban da kowa ke ce masa ban iya faɗa. "Wancan" nake cewa, ko "mai motar". In ya zo gaishe ni, gefe nake kallo in amsa a taƙaice. In ina da magana da shi, kai nake gaya wa ka isar. Haka uwata ta yi da yayana, haka na taso na gani, ban kuma taɓa jin nauyin abin ba sai da aka ɗauke ka daga tsakaninmu.

Bayan girbin bana na fara ganin zoben. Ƙarami ne da farko, bai fi bakin kofin shayi ba, kuma ba a gaba yake ba wajen inji. Can baya yake, daidai ƙarƙashin kujerar tsakiya ta ɓangaren direba. Na kai tokar hanci, fetur ne.

Na gaya wa matarsa Rabi ta gaya masa. Ka san saƙo in ya bi ta bakin suruka, ladabi yake cinye rabinsa. Abin da ya isa kunnensa shi ne wai Inna ta ce mota tana ɗan wari. Ya aiko mini da godiya, ya ce shi ma ya ji, har ya kai ta Rano an kwance kafireto, inda mai ke shiga inji, an wanke, an goga sabulu a gindin tanki inda ake zargin tsatsa. Ya ƙara da cewa tsohuwar mota dama ba ta rabuwa da warin mai. Ban ga laifin bakaniken ba, inda aka nuna masa ya duba.

Zoben bai san an wanke kafireto ba. Kullum faɗi yake ƙarawa.

Sai kuma tsintsiyata ta fara kwaso ƙonannun fiyus a bakin rumfa, yau ɗaya, jibi wani. Na tambayi Rabi, ta ce fitilar birki ce ke mutuwa, da ya sa sabo sai ya ƙone in mota ta shiga gargada. Na sake aikawa ta bakin Safiya. Ya ce in kwantar da hankalina, bayan suna zai kai ta wajen mai gyaran waya. Na koma ɗaki ina ta juya abin a raina. Mai yana zuba a baya, wayar fitilar birki ma baya take tafiya. Ban san cikin mota ba, amma na san ba a ajiye kalanzir kusa da murhu.

Sunan da yake nufi na jaririn Hadizarmu ne, ta haifi namiji a gidan mijinta a Lausu. Ni ba zan je ba, ƙanwarka Asabe ce za ta jagoranci mata. Da sassafe ya fito da mota ƙofar gida, aka shiga loda kwanukan abinci da kayan barka. Mata suka cika kujeru, ga goyo, ga yara a kan cinya, Rabi da cikinta a kujerar tsakiya. Ni kuma na zagaya rumfa kamar kullum.

Malam, zoben ya kai faɗin faifai, kuma bai ma bushe ba, tokar a jiƙe take. Gefe guda kuma, inda na saba tsintar ƙonannen fiyus, sai na ga ɓawon waya da aka fere da guntayen jan zarenta. Nan take na gane abin da ya yi da yammacin jiya. Ba ya son fitila ta mutu masa a hanya da mata a mota, sai ya toshe wa fiyus baki.

Na fito da sauri, mayafina a hannu. Na duba wanda zan aika, Safiya tana can ƙuryar mota, Rabi tana ciki, Asabe tana faɗa da wata a kan wurin zama. Shi kuwa ya riga ya zauna ya ja ƙofa, hannunsa ya tafi wajen makulli. Na buɗe baki in ce "wancan", na ga ba wanda zai san da wa nake. Na neme ka a gefena, wallahi na neme ka, ba ka nan.

Sai na ce, "Haruna!"

Da ƙarfi na faɗa, har maƙwabta suka ji. Sunan mahaifinka, a ƙofar gidansa, a gaban 'yarsa. Matan cikin motar suka leƙo ta taga. Asabe ta saki baki, ta kama salati. Shi kuma ya juyo yana neman wanda ya kira shi, domin bai san yadda sunansa yake a muryata ba. Da ya ga ni ce, sai ya sauke hannunsa daga makullin a hankali, ya fito ya durƙusa.

Na ce a sauke kowa. Na wuce gaba ya biyo ni rumfa, na nuna masa tokar, na ɗebo na miƙa masa ya shinshina. Na gaya masa abin da ka koya mini, da bakina, ina kallon fuskarsa. Rabona da in kalle ta haka tun yana cikin zanen goyo. Ashe yana da ɗan tabo a gira irin naka, ban taɓa lura ba.

Bai yi mini gardama ba. Abin da ya fara yi shi ne cire kan batir, yadda kake yi kafin ka taɓa komai, ashe dai yana kallon ka a lokacin da muke zaton wasa yake. Ya auna da taku daga bakin rumfa zuwa zoben, ya je ya auna daidai haka a jikin mota, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi. Bai daɗe ba na ji yana faɗin innalillahi.

Da ya fito sai ya zauna a ƙasa da fararen kayansa na suna. Ya nuna mini yatsunsa sharkaf da fetur. Tiyon da ke kawo mai daga tanki ne ya tsufa ya tsage, daidai inda wani ƙarfe ya riƙe shi. A cikin wannan ƙarfen kuma wayar fitilar birki ta bi, manne da tiyon. Mai ya jiƙa rigar wayar har ta yi laushi ta saɓule, jan zaren yana taɓa ƙarfe duk lokacin da mota ta yi tsalle. Abin da fiyus ke ta faɗa ke nan. Ƙarfen har ya yi baƙi a wurin. Hanyar Lausu kuwa ka san ta, gargada ce da taka birki tun daga farko har ƙarshe. Ya dubi Rabi da ke tsaye da yara a jikin katanga, ya sunkuyar da kai.

Mata suka tafi a wata motar da aka nemo daga tasha, a makare, Asabe tana mita tana dariya. Shi bai je ba. Ya hau babur zuwa Rano ya sayo sabon tiyo da zobban ɗaure shi da fiyus na gaskiya. Ya yanke ruɓaɓɓen wurin wayar ya haɗa sabuwa, ya naɗe ta da baƙin tef, ya canja mata hanya nesa da tiyon. Ya shiga akwatin kayan aikinka ya ɗauko ɗan ƙwan fitilar nan mai waya biyu da kake gwaji da shi, ya bi wayar gaɓa-gaɓa har baya. Ya zare zaren da ya naɗa jiya ya yar, ya sa fiyus. Ni ina zaune a kan kujera 'yar tsugunno a bakin rumfa, ban tashi ba. Da ya mayar da kan batir ya taka birki, ni ya tambaya ko fitila ta kama. Na ce ta kama.

Washegari ban ji ƙarar inji ba. Na leƙa sai na gan shi ya sa kafaɗa yana turo Dattijuwa baya. Muka tsuguna tare. Tokar tana nan fara sol yadda na barbaɗa ta, sai sawun ƙadangare guda.

Ban sake kiran sunansa ba, kada ka ɗauka na lalace gaba ɗaya. Kunyata tana nan, na koma kallon gefe. Amma yanzu kullum da safe, bayan ya gaishe ni, sai ya ɗan tsaya ya ce, "Inna, me toka ta ce?" Ni kuma in gaya masa da kaina, ba ɗan aike.

Ka ba Baba haƙuri in kun haɗu, ka ce masa surukarsa ta yi masa kiran makiyaya a bainar jama'a. Na san zai fahimta, jikokinsa ne cike da motar.

Saura labari ɗaya. Jaririn Lausu sunanka aka sa masa. Asabe ta kawo mini shi jiya ta ɗora a cinyata, tana tsokana ta wai tunda bakina ya buɗe, in kira wannan ma a ji. Na ce mata a'a. Wancan na faɗa ne don wuta, wannan kuwa ba abin da ke ci. Na zauna da kai tun ƙuruciya har rabuwa ban faɗi sunanka ba, ba kuma zan fara yanzu ba. Maigida nake ce masa, yana kuwa amsawa da hamma, kamar yadda kake yi.

Allah Ya jiƙan ka, Malam, Ya haskaka makwancinka, Ya sa aljanna ce makomarka. Ya tsare ɗanka a kan hanya, shi da duk wanda ya shiga bayansa. Ya raya mai sunanka a kan irin haƙurinka. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. La'asar ta yi, zan je in yi shara kafin ya dawo.

Wassalam.

Taka har kullum,
Uwar 'ya'yanka, daga Kibiya