Na'ura Ɗaya a Parakou, Ɗaya a Djougou

Zuwa ga: Mai girma Darakta, Kamfanin Kpébié Réseaux, Parakou
Daga: Alhaji Iliassou Yaou, mai motocin dakon kaya, Titirou
Rana: Alhamis, 22 ga Agusta, 2024

Game da: Ƙin dawowar ma'aikacinku ya sake haɗa mini na'urorin tsaro

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ga kokena.

1. Ran Litinin 5 ga Agusta ma'aikacinku Malam Massaoudou ya kafa mini na'urori biyu na tsaron intanet, waɗanda kuke kira pare-feu. Ya ce in ɗaya ta mutu ɗaya za ta karɓi aiki. Iyakar abin da ya faɗa da Hausa ke nan. Sauran ya bar mini a takarda shafi goma sha ɗaya ta Faransanci, ni da na bar lakwal, wato makaranta, a aji biyu.

2. A takardar ya ce a nemi adireshin intanet uku wurin masu ba mu layi. Na ƙirga na'urori na ga biyu, na nemi biyu, har ina jin na kama shi. Ashe na ukun na tarayyarsu ne.

3. Ran Juma'a 9 ga wata na dube su a jere kan kanta ɗaya, raina bai kwanta ba. Kakanninmu fataken goro ba su taɓa bin hanya ɗaya da kaya duka ba, rabawa suke yi. Sai na cire ɗaya na kai ta shagona na Djougou. 'Yata Zouéra, mai riƙe da ofis, ta hana ni. Na tuna mata shekaruna.

4. Ran Asabar 17 ga wata tsawa ta ƙone ta Parakou. Na zauna ina jiran ta Djougou ta karɓi aiki. Har yau ina jira. Yanzu aka fahimtar da ni cewa dole su zauna wuri ɗaya, kan layi ɗaya, da waya tsakaninsu wadda suke jin numfashin juna da ita.

5. Kun ce laifina ne, ba za ku zo ba. Ban musa ba. Amma da an faɗa mini wannan da bakin da nake ji, da ban yi wayon ba. Kwana biyar ke nan ba ma fitar da takardar lodi. 'Yan doyar garin Partago da na kasuwar Arzèkè, da muke tare shekara talatin, sun ba ni zuwa Litinin 26, in ba haka ba su koma wurin wani.

Don haka ina roƙo a turo Malam Massaoudou kafin ranar, da sabuwar na'ura, ya yi bayani da Hausa a gaban Zouéra. Zan yi shiru. An nemi adireshi na uku. Ta Djougou na dawo da ita da kaina, a kan cinyata.

A ce masa ya taho da wata wayar kuma. Rawayar nan da ya sa tsakaninsu, da ita na ɗaure kwalin na'urar ranar tafiya Djougou.

Naka cikin ladabi da sunkuyar da kai,
Alhaji Iliassou Yaou